Daga hanji zuwa mama: abin da bincike ya gano game da ruwan matsarmama da sankara

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci a mayankar Oko-Oba da ke Agege ya ga yadda ake yi da matsarmama. Mahauci zai ɗago hantar sa, ya juya ta, ya sa tsinin wuƙa a hankali ya ɓalle wata 'yar jaka mai launin kore-kore da ke maƙale a ƙarƙashinta, ya cilla ta gefe. Idan wuƙar ta zame jakar ta fashe, sai ka ji mai saye ta ce, "Haba Malam, ka ɓata mini hanta," don ta san ɗacin nan ko an wanke ba ya fita. Iyakar sanin yawancinmu da ruwan matsarmama ke nan. To amma a 'yan shekarun nan sunansa ya yawaita a mujallun masu binciken sankarar mama, har maganar ta fara gangarowa cikin wayoyin jama'a. Wannan ya ce shi ke kawo cutar, wancan ya ce shi ne maganinta. Kowace magana a cikin biyun tana da inda ta samo tushe, kuma kowacce an yi mata ƙarin gishiri.

Hanta ce ke haɗa ruwan, jakar ma'aji ce kawai. Abin da ya fi muhimmanci a cikinsa wasu sinadarai ne da ake kira asid ɗin matsarmama, waɗanda hanta ke ƙerawa daga kolestarol. A jikin ɗan Adam manyan su biyu ne, kolik da kenodiyoksikolik. Da zarar mutum ya ci abu mai maiƙo, tsire mai kitse ne ko miyar da ta sha manja, sai jakar ta matse ta tsirto ruwan cikin farkon ƙaramin hanji. A can aikin sabulu yake yi a tukunyar da aka soya nama: ya wargaza maiƙon ya zama ƙananan ɗigo yadda hanji zai iya tsotsewa, tare da bitamin A da D da E da K. Jiki kuwa ba ya almubazzaranci da shi. Kusan kashi 95 cikin 100 na asid ɗin ana sake tsotse shi a ƙarshen ƙaramin hanji, jini ya mayar da shi hanta, a sake amfani da shi. Gaba ɗayansa bai wuce giram 2 zuwa 4 ba, shi ne yake ta kewayawa sau da yawa a yini.

Ragowar kashi 5 ɗin nan da ya zarce babban hanji, a nan labarin yake. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a wurin sukan taɓa shi su sauya masa kama. Kolik ya koma diyoksikolik, kenodiyoksikolik ya koma litokolik. Wani ɓangare na waɗannan sababbin yakan bi bayan gida ya fita, wani kuma ya ratsa bangon hanji ya shiga jini. Ma'ana, a cikin jinin kowace mace akwai sinadaran da ba jikinta ne ya ƙera su ba, bakteriyar cikinta ce. Irin bakteriyar da take ɗauke da ita kuma ya danganta da abin da take ci, da magungunan da take sha, da inda ta tashi.

An daɗe ana ɗaukar waɗannan sinadarai a matsayin masu narkar da kitse kawai. A 1999 ne rukunin masu bincike uku, kowanne a nasa ɗakin gwajin, suka gano cewa akwai wani makunni a cikin ƙwayoyin halittar jiki, mai suna FXR, da asid ɗin matsarmama ke kunnawa. A 2002 da 2003 masana a Japan suka gano na biyu, TGR5, wanda yake a bangon ƙwayar halitta. Daga nan tunani ya sauya. Abin da ke iya kunna makunni a cikin ƙwayar halitta ɗan saƙo ne, dangin su istirojin, wato homon na mata, kuma yana iya gaya wa ƙwayar ta ƙaru, ko ta dakata, ko ta mutu. Da aka duba, sai ga waɗannan makunnai a cikin naman mama ma, har da wanda sankara ta kama.

Zargin kansa tsoho ne. Tun a 1940 Ernest Kennaway da abokan aikinsa a Landan suka wallafa cewa allurar diyoksikolik ta haifar da ƙari a jikin ɓeraye. A 1971 Michael Hill da wasu suka kawo hasashe a mujallar Lancet cewa bakteriyar hanji na iya mayar da sinadaran matsarmama su zama masu aiki irin na istirojin, wanda aka san yana ciyar da yawancin sankarar mama. Sai dai tambaya ɗaya ta tsaya wa kowa a wuya: ta yaya abin da ke cikin hanji zai kai ga mama? Amsar ta zo a 1994 daga wani likitan hanta a Niyok, Norman Javitt. Ya samu mata biyu masu ƙullutun ruwa a mama, irin wanda ba sankara ba, ya ba su kenodiyoksikolik da aka yi wa alama ta musamman suka sha. Da aka zuƙo ruwan ƙullutun, sai ga sinadarin mai alama a ciki. Mutum biyu ba yawa ba ne, amma tambayar ita ce ko akwai hanya, kuma an ga hanya. An kuma lura cewa a irin wannan ruwan sinadaran kan taru fiye da yadda suke a jini nesa ba kusa ba.

A 2002 wani ɗan ƙaramin bincike a Landan ya ƙara wa zargin ƙarfi. An gwada jinin mata 20 da suka daina al'ada waɗanda aka gano suna da sankarar mama ba da daɗewa ba, da na wasu 20 masu lafiya. Diyoksikolik a jinin marasa lafiyar ya ɗara da kashi 52 cikin 100. Da a nan aka tsaya, da sai a ce an kama ɓarawo.

Sai ga shi abin ya juya. A 2018 rukunin Péter Bai a Jami'ar Debrecen ta ƙasar Hangari ya nuna cewa litokolik, wanda aka fi yi wa kallon mugu a cikin dangin saboda illarsa ga hanta, yana rage saurin yaɗuwar ƙwayoyin sankarar mama da kashi 10 zuwa 20 a ɗakin gwaji, kuma ya rage bazuwar cutar a jikin ɓeraye. Ta makunnin TGR5 yake bi. Abin da ya fi ɗaukar hankali a aikinsu shi ne sun duba bayan gidan mata masu sankara a matakin farko, suka ga alamar cewa bakteriyar da ke ƙera litokolik ta ragu a cikinsu. Wato mai yiwuwa wani mai gadi ne ya yi rauni. Shekara guda bayan haka, masu bincike a Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta Amurka, ƙarƙashin Stefan Ambs, suka auna sinadaran a cikin ainihin ƙarin da aka cire wa mata. Suka tarar asid ɗin matsarmama na taruwa a ciki, kuma matan da ƙarinsu ya fi tara shi cutarsu ba ta cika gudu ba, sun kuma fi daɗewa a raye. An fi ganin haka a nau'in sankarar da ke amsa kiran istirojin kuma take girma a hankali. A tsakani, wani gwaji a Jami'ar Wake Forest ya ciyar da birai mata abinci iri biyu sama da shekara biyu. Waɗanda suka ci abinci irin na mutanen gaɓar Bahar Rum, mai yawan ganye da man zaitun da kifi, an samu bakteriyar Laktobasilus ta ninka kusan sau goma a naman mamansu, tare da ƙarin sinadaran matsarmama. Biran dai ba su da sankara, don haka gwajin bai ce komai kan kariya ba. Abin da ya nuna shi ne abinci na iya sauya yanayin cikin mama kanta.

Makunnin FXR ma haka ya raba kan masana. A 2006 wasu a Landan sun ga kunna shi na kashe ƙwayoyin sankara, yana kuma danne aromatas, sinadarin da ke ƙera istirojin a jikin matar da ta daina al'ada, wanda magunguna irin su letirozol da anastirozol ke yaƙa. A 2011 masana a Jami'ar Kalabriya ta Italiya sun ga kenodiyoksikolik ya rage girman ƙwayoyin da suka daina jin tamoksifen, maganin da ke tare istirojin, ta hanyar rage HER2, wani sinadari da ke ingiza ƙwayoyin sankara su ƙaru. Wannan babbar magana ce, don bijirewa tamoksifen na daga cikin abin da ya fi damun likitoci. Amma a Beljiyam wasu sun ga akasin haka: idan babu istirojin a kusa, kunna FXR na iya ingiza ƙwayoyin su ƙaru.

Mai karatu zai iya cewa to waɗannan mutanen ba su san abin da suke yi ba ke nan. A ganina saɓanin ba na rashin sani ba ne, tambayar ce aka yi mata kuɗin goro. Asid ɗin matsarmama ba abu ɗaya ba ne, iri-iri ne da dama, wani na kunna makunni, wani na toshe shi. Sannan akwai batun yawa, wanda shi ne ake yawan ɓoyewa idan labarin ya iso jarida. A jinin mai lafiya da bai ci abinci ba, jimillar sinadaran ba ta cika wuce maikuromol 10 a lita ba, alhali gwaje-gwaje da yawa na zuba ninkin-ba-ninkin haka a kan ƙwayoyin da ke cikin faranti. Abin da aikinsa narkar da kitse ne, idan ka tula shi a kan ƙwayar halitta wadda bangonta kitse ne, dole ta mutu, ta sankara ce ko lafiyayya. Wannan ba magani ba ne. Darajar aikin mutanen Debrecen ita ce sun yi amfani da ɗan kaɗan, kwatankwacin abin da ake samu a jiki, shi ya sa ma tasirin da suka gani bai taka kara ya karya ba.

Su kansu ƙwayoyin da ake gwajin a kansu abin lura ne. Wanda aka fi amfani da shi, MCF-7, an samo shi ne a 1970 daga jikin wata mata mai shekara 69 a birnin Detroit, kuma tun lokacin ake ta renonsa a kwalabe. Ɓera kuma yana da wasu irin asid ɗin matsarmama da mutum ba ya ƙera su da yawa, waɗanda ke toshe FXR maimakon kunna shi. Sai kuma tambayar wa ya riga wani. Matar da aka gano tana da sankara, abincinta ya sauya, barcinta ya sauya, wataƙila ta sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta kafin ta iso asibiti. Idan an ga jininta ya bambanta, cutar ce ta sauya shi ko shi ne ya jawo cutar? Akwai wani gwaji da rayuwa ta yi da kanta. Matan da aka cire wa jakar matsarmama saboda tsakuwa, ruwan na zuba cikin hanjinsu ba tsayawa, kuma bakteriya na samun damar taɓa shi sosai. A Suwidin an bi sawun irin waɗannan mata sama da 150,000, sakamakon da aka fitar a 2000 bai nuna ƙarin sankarar mama a cikinsu ba. Duk wadda aka yi wa wannan tiyatar, wannan labari ne mai kwantar da hankali.

Inda nake ganin hujjar ta fi nauyi ba a kan asid ɗin kansa ba ne, a kan hanyar ƙera shi ne. Kafin kolestarol ya zama asid ɗin matsarmama, ɗaya daga cikin hanyoyin tana fara mayar da shi wani sinadari da ake kira 27HC. A 2013 masu bincike a Jami'ar Duke, Erik Nelson da Donald McDonnell da sauransu, suka wallafa a mujallar Science cewa wannan sinadari na kwaikwayon istirojin, yana hanzarta girman ƙari da bazuwarsa a ɓeraye. Wannan ya ba da wani ɓangare na bayanin abin da aka riga aka sani daga ƙididdigar mutane, cewa ƙiba bayan daina al'ada na ƙara haɗarin cutar.

To a gadon asibiti fa? A yau babu wani asid ɗin matsarmama da hukumomin magunguna suka amince a ba mai sankarar mama don ya warkar da ita. Ursodiyoksikolik, wanda aka fara samowa daga matsarmamar dabbar beyar, ana ba da shi don narkar da wasu tsakuwoyi da kuma wata cutar hanta, iyakarsa ke nan. An ƙera wani magani mai kunna FXR da ƙarfi, obetikolik, Amurka ta amince da shi a 2016 don cutar hanta, daga baya aka riƙa samun rahoton yana lahanta hantar wasu marasa lafiya, Tarayyar Turai kuma ta janye izininsa a 2024. Wanda duk ke ɗokin a kunna wannan makunni a jikin mai sankara ya kamata ya tuna da wannan. Wurin da ilimin ya amfani masu sankarar mama kai tsaye wani lungu ne da ba a cika zancensa ba. Maganin neratinib, da aka amince da shi a 2017 don nau'in HER2, yana sa gudawa mai tsanani, har kusan mata 40 cikin 100 suka yi fama da ita a babban gwajinsa. Da aka haɗa musu da kolestifol, wani magani da ke ɗaure asid ɗin matsarmama a hanji, tare da maganin tsayar da gudawa, adadin ya sauko zuwa kusan rabi. Daga baya an ga fara neratinib ɗin kaɗan-kaɗan ana ƙarawa ya fi sauƙi. Ba warkarwa ba ce, amma matar da ta iya jure maganinta har ƙarshe ta ci riba.

Yanzu mu dawo gida. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2022 ta nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 suka rasu. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka biyar, aka wallafa a 2020, ya nuna a cikin matan Najeriya da aka bi sawunsu kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai shekara uku bayan gano cutar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yawanci sai a mataki na uku ko na huɗu ake isowa. Idi-Araba, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, yake, unguwa ce da Hausawa suka daɗe a ciki, kuma a harabar asibitin ne aka buɗe cibiyar kula da masu sankara mai injinan gasa ƙari da haske a 2019. Amma kusancin ƙafa bai hana jinkiri ba. Har yanzu za ka ji ana gaya wa mai ƙullutu, "Yaya, kar ki yarda su taɓa ki, daji ba ya son ƙarfe." Ga kuma mai mota da lasifika a bakin kasuwa, ya jera jarkoki a kan but, yana shelar wankin ciki da wankin hanta da fitar da dattin mara. Irin wannan binciken nama ne ya faɗo masa. Jimla guda zai tsinta, cewa masana a Turai sun ce matsarmama na kashe daji, ya haɗa da nasa. Ya kamata a sani cewa shan ɗanyar matsarmama ba wasa ba ne. A Indiya da Sin da Biyetnam likitoci sun sha karɓar mutanen da ƙodarsu ta tsaya, hantarsu ta kumbura, bayan sun haɗiyi matsarmamar kifi da sunan magani. Mai karɓar kemo, wato allurar kashe ƙwayoyin sankara, kuwa hantarta ce ke sarrafa yawancin magungunan, shi ya sa ake gwada ta kafin kowane zagaye. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba na iya ɓata sakamakon gwajin a ɗage mata allura.

Akwai wani giɓi da ya fi damuna. Kusan duk binciken da na ambata an yi shi ne a Turai da Amurka, kuma labarin mai daɗi ya fi karkata ga nau'in da ke amsa kiran istirojin. Aikin Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta na Ibadan ya nuna matan Afirka ta Yamma sun fi yawan kamuwa da nau'in da ba ya jin maganin homon, kuma suna kamuwa da ƙuruciya. A bincikensu na 2018 kan mata sama da 1,100 a Ibadan, kusan kashi 15 cikin 100 na ɗauke da gurɓacewar ƙwayar gado, galibi BRCA1 da BRCA2. Cutar tamu daban take tafiya.

Hanjinmu ma daban. A 2015 Stephen O'Keefe ya yi musayar abinci na mako biyu tsakanin baƙaƙen fatar Amurka 20 a Pittsburgh da mutanen karkara 20 a Afirka ta Kudu. Waɗanda suka koma cin masara da wake da ganye, sinadaran matsarmamar da bakteriya ke ƙerawa sun ragu sosai a hanjinsu, na waɗanda suka koma nama da soye-soye kuma suka yi tashin gwauron zabi. Sankarar hanji yake nazari ba ta mama ba, amma ya nuna mako biyu kacal sun isa. A nan gida, Funmilola Ayeni, lokacin tana Jami'ar Ibadan, ta nuna a 2018 cewa bakteriyar cikin mutanen Bassa na karkara ta bambanta da ta mazauna birni. Ka ɗauki matar da ta tashi a ƙauyen Katsina ko Sakkwato kan tuwon dawa da miyar kuka da fura, aure ya kawo ta Agege ko Mile 12, abincinta ya koma burodi da taliyar leda da lemon kwalba. Ka ƙara da yadda ake sayen ampikulos da filajil a kemis ba takardar likita, ciki ya ɗan murɗa a haɗiyi biyu. Waɗannan magunguna na share ire-iren bakteriyar da ke ƙera litokolik da diyoksikolik. Wake da kuɓewa da gero da zogale kuwa suna da harzar da ke ciyar da bakteriyar, wani kuma ya ɗaure asid ɗin ya fita da shi. Cin su alheri ne ta fuskoki da yawa, amma babu wanda ya isa ya ce miyar kuɓewa rigakafin sankarar mama ce. Abin da aka tabbatar da lissafi shi ne irin su shayarwa, wadda kowane wata 12 nata ke rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100, da motsa jiki, da nisantar barasa, da rage ƙiba.

Legas na da abin da ake buƙata don a yi wannan tambayar a kan matanmu. Ga LUTH, ga asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, ga cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba, ga kuma mata da suka baro abinci iri ɗaya suka shiga wani a cikin rayuwa guda. Aikin ba na ƙarya ba ne. Sai an karɓi jini da bayan gida da ɗan naman ƙari daga mace kafin a fara mata kemo, a rubuta duk maganin da ta sha a watannin baya har da na gargajiya, a adana samfurin a firjin da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ba tare da wuta ta ɗauke ba, sannan a bi sawunta shekara biyar ko fiye. Kafin duk wannan kuma sai an samu ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa da za ta zauna da Hajiya, wani lokaci har da maigidanta, ta yi mata bayanin dalilin da ya sa mai ciwon mama ake neman bayan gidanta a cikin 'yar roba.